Riƙe-Abinka

A bayan Sabon Garin Wudil, inda gidaje suke ƙarewa hanyar fadama ta fara, akwai gida biyu da katanga ɗaya ta raba. Na gabas na Ɗantani ne, na yamma na ƙaninsa Tasi'u. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, lambunansu ma a jere suke a bakin kogi, amma an daɗe rabon da a ga hannunsu a kwano guda. Abin da ya raba su kuwa, in aka gaya maka sai ka yi tsaki.

Wata shekara ce injin ban-ruwan Tasi'u ya mutu, tumatir ɗinsa yana tsakiyar fure. Ya tafi aron na yayansa, ya same shi a majalisa cikin mutane. Ranar kuwa Ɗantani da ciwon haƙori ya tashi, ga shi dama Allah ya yi shi da kaifin baki, sai ya ce, "Inji ai ba tsintsiya ba ce da ake miƙawa ta katanga." Aka bushe da dariya. Tasi'u ya kaɗe rigarsa ya juya. Kafin ya samu wani injin rabin tumatir ya yi yaushi ya tafi. Ba a jima ba sai ga shi ya dawo daga garin Utai da wani ɗan kwikwiyo ja mai farin wuya a cikin kwali, ya ce gadin awaki da lambu zai riƙa yi masa. Ya raɗa masa suna Riƙe-abinka.

Mutanenmu dai haka suke. Maganar da ba za ka iya gaya wa babba a idonsa ba, sai ka nemi kare ka ɗora masa ita. Kai ba ka zagi kowa ba, karenka kake kira, wanda ya tsargu da shi ake. Kullum da safe in Tasi'u zai tafi lambu sai ya tsaya a tsakar gida, ya fuskanci katangar gabas, ya gyara murya.

"Riƙe-abinka! Kai, Riƙe-abinka!"

Daga wancan gefen ba a taɓa mayar masa da martani ba. Abin da yake ji kawai shi ne muryar Ɗantani ƙasa-ƙasa a wajen rariyar da ke gindin katanga, yana 'yan gunaguni. Tasi'u ya yanke wa kansa hukunci cewa zaginsa ake yi, don haka bai taɓa tsayawa ya saurara ba.

Shekarar farko abin ya yi masa daɗi kamar zuma. Ta biyu daɗin ya ragu. Daga nan kuma sai ya zamana da ƙyar yake buɗe baki ya kira karen. Gaskiyar magana, Tasi'u ya gaji da gaba. Yana kewar yayansa, yana kewar har kaifin bakin nan nasa. Amma magana zarar bunu ce, tasa kuwa ba ma zarewa kawai ta yi ba, ƙafa huɗu ta yi da bindi, tana bin sa duk inda ya nufa.

Ya gwada sauya wa karen suna. Ya kira shi Zaki, kare ya yi hamma. Ya kira shi Ɗan-ja, kare ya ɗaga ƙafa ya sosa kunne. Ya gwada fito, ko kallonsa bai yi ba. Sai ya ce Riƙe-abinka, nan da nan ya taso yana kaɗa bindi. Sabo turken wawa. Ga shi karen ya yi ɓul-ɓul, gashinsa har sheƙi yake, alhali ban da ƙanzo da ɗan sauran tuwo ba abin da ake zuba masa.

"Karen nan akwai albarka a jikinsa," in ji Tasi'u.

Matarsa Hansai takan yi murmushi kawai ta ci gaba da tankaɗe. Ita da Fatsuma, matar Ɗantani, ba ruwansu da rigimar maza. Gishiri, daddawa, garwashi a marfin kwano, duk ta kan katangar nan suke wucewa, har da labari.

To, sai sanyin bana ya sauka, kuma da fushi ya zo. Ruwan randa ya koma kamar wanda aka jiƙa ƙanƙara a ciki, alwalar asuba sai mai ƙarfin imani. Awaki suka daina faɗa da juna suka cure wuri guda a bayan murhu. Dugadugai suka tsage, man kaɗanya ya yi daraja. Hansai ta zaro tsohuwar rigar sanyin Tasi'u daga ƙasan akwati, wadda asu ya ci wa gwiwar hannu, ta ce ko yana so ko ba ya so sai ya sa. A da, zamanin mahaifinsu, in irin wannan sanyi ya zo wuta ɗaya ake hurawa a ƙofar gida, a zauna ana jin ɗumi ana gasa dankali a toka. Yanzu wuta biyu ce a ƙofa biyu, kowanne ya ba ɗan'uwansa baya, ana ta asarar kara.

Sai kuma tari ya kama Ɗantani. Irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, wanda katanga ba ta tare shi. Ranar Alhamis da hantsi Hansai tana dama kunu, Tasi'u yana zaune a rana yana gyaran ƙotar fartanya, tarin ya sake tsallakowa.

"Malam, kana jin tarin Yaya kuwa?"

"Ina ji."

"To?"

"To me? Ni likita ne?"

"A'a. Kai ƙani ne."

Tasi'u ya ajiye fartanyar. "Hansai, ki yi min adalci. In shiga in ce Yaya ya jiki, in fito in tsaya a nan in ƙwala masa waccan maganar? Ai gara ban je ba."

"Da ka taɓa tsayawa ka ji abin da Yaya yake faɗa a bakin rariyar can..."

"Ba na sauraron zagi."

"Kai ka sani," in ji ta, ta ci gaba da juya ludayi. "To ko dai ka rabu da sunan, ko ka rabu da mai sunan."

"Sunan ya ƙi fita."

"Saura ɗaya ke nan."

Ita da gatse ta faɗa, shi kuwa ya ɗauka da gaske. Ya tuna da Maikano, wani maharbi mutumin Darki, wanda ya daɗe yana naci a ba shi karen, yana cewa irin wannan ƙirji ba na gadin awaki ba ne, na bin zomo ne. Ga lokacin farauta ya kama, kuma duk Juma'a Maikano yana zama wajen 'yan igiya a bakin Kara, inda ake cinikin shanu. Tasi'u ya dubi karen yana kwance a rana ya miƙe ƙafafu. Bahaushe ba ya buɗe baki ya ce yana son kare, amma Tasi'u yana son wannan. Shi ne abokin tafiyarsa lambu, shi yake fara jin takunsa in ya dawo. Sai dai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma kare komai kirkinsa ba ciki ɗaya suka fito ba. Ya ce a ransa gobe za a yi ta ta ƙare.

Garin Juma'a ya waye da wata iska da ba a ga irinta ba tun farkon sanyin. Daga kogi take tasowa, ta ratsa riga ta ratsa fata ta je ta gaisa da ƙashi. Tasi'u ya sa rigar sanyinsa mai ɓular gwiwar hannu, ya naɗe kunnuwa da mayafi, ya zarga wa karen igiya a wuya. Hansai ta fito daga ɗaki ta gan su.

"Malam, ina za ka kai shi?"

"Inda kika ce."

"Ni? La ilaha! Malam, tsaya ka ji..."

Amma ya riga ya kai zaure, iska ta kwashe sauran maganar.

Sanyi bai hana kasuwar Wudil ci ba, ba ya kuma hana ta. Motocin shanu sun jeru, masu rake sun tsayar da dami-dami, 'yan gwanjo sun baza rigunan sanyi suna yi wa mutane kirari, mai shayi kuwa ranar shi ne sarki, an kewaye shi kamar ana naɗinsa. Kowa ya dunƙule, hula har gira, rawani har hanci, ba ka gane mutum sai ya yi magana. Iska tana ta fizgar rumfuna, ledoji suna tashi sama kamar shirwa. Tasi'u ya riƙa raɓawa ta gefe-gefe, duk da haka bai tsira ba.

"Kai malam, ja karenka! Yau Juma'a, kayan masallaci ne a jikinmu!"

"Ku yi haƙuri, wucewa za mu yi."

Ya kusa isa wajen 'yan igiya ke nan, har yana hango hular Maikano, sai iska ta ɗaga wani fallen kwano daga kan wata rumfa ta maka shi da ƙasa. Ƙarar ta firgita wani bijimi da ake ja, ya yi tsalle ya huro hanci. Kare ya ja da baya da ƙarfi, kansa ya zame daga zargen, ya kutsa tsakanin ƙafafun mutane ya shige tsakiyar kasuwa. Aka bar Tasi'u riƙe da igiya ba kowa a ƙarshenta.

Ya tattara leɓe zai yi fito, leɓen sun bushe sun tsage, iska kawai ta fito. Ya ce "Zaki!" Ya ce "Ɗan-ja!" Shi kansa ya san aikin banza yake. Kare a kasuwar Juma'a kuwa ba ya daɗewa bai sha jifa ba. Ba yadda zai yi, ya cika ƙirji ya ƙwala:

"Riƙe-abinka!"

To, a gida wannan sunan kare ne. A tsakiyar kasuwar Wudil ranar Juma'a kuwa ma'anarsa ɗaya ce tak. Wani alhaji da ke gabansa ya dafe aljihu da hannu biyu. Wata tsohuwa mai daddawa ta kife faifai a kan ƙwaryarta ta kwanta a kai. Wani dillali ya naɗe igiyar tunkiya a hannu har sau ba adadi yana zare ido.

"Riƙe-abinka! Riƙe-abinka!" Tasi'u yana tafe yana leƙa ƙarƙashin tebura.

Wani mai rake ya miƙo masa gutsure. "Malam, ɗanɗana ka ji zaƙi."

"Riƙe-abinka!"

"To don Allah! Dama na ce dole ne?"

Kafin ka ce kwabo magana ta bar bakin Tasi'u ta zama ta kowa. 'Yan tumatir suka karɓa suka miƙa wa 'yan hatsi, 'yan hatsi suka miƙa wa 'yan tukwane. "Kowa ya riƙe abinsa!" "Riƙe abinka, sun shigo!" Wani ƙato ya cafki hannun Tasi'u.

"Malam, ina ɓarawon? Me ya ɗauke maka?"

"Ba ɓarawo, kare ne!"

"Kare ya sace?"

"A'a, sunansa ke nan!"

"Sunan ɓarawon Kare? Kai jama'a, an ce sunansa Kare!"

Tasi'u ya fizge hannunsa ya yi gaba. Sai a lokacin ya lura da inda ihun ya dosa. Iska tana tura shi gabas, layi bayan layi, kai tsaye zuwa wajen 'yan albasa, inda Ɗantani yake kasa tasa duk Juma'a. Ya fito ne don ya binne maganar nan, ga shi ya raba wa kasuwa guda tana yi wa yayansa waƙa da ita. Ya so ya juya gida, amma ƙafafunsa suka ci gaba da tafiya.

Ɗantani yana zaune a kan ɗan benci a bayan tulin albasarsa, cikin wata tsohuwar kwat, wuyansa naɗe da rawani, kaskon garwashi a tsakanin ƙafafunsa. Ya rame, Tasi'u ya gani, kuma abin ya soke shi. Can bayan buhuna, nesa da kayan sayarwa, inda iska ba ta kaiwa, ga ja mai farin wuya a kwance yana fama da guntun gurasa, hankalinsa kwance kamar a gidan ubansa.

Ɗantani ya yi tari, ya ɗago ya dubi ƙaninsa, ya dubi igiyar da ke hannunsa. A bayansu har yanzu ana jiyo "riƙe abinka" daga wajen 'yan kaji.

"Tasi'u," ya ce. "Shekara da shekaru kai kaɗai kake gaya min, ban tanka ba. Yau kuma kasuwa guda ka ɗauko ta taya ka?"

Tasi'u ya durƙusa. Duk maganar da ya shirya a ransa ta gudu, gaisuwa ce kawai ta rage masa.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau."

"Ya sanyi?"

"Lokacinsa ne."

"Ya jikin? Ina jin tarin."

"Da sauƙi. Ashe katangar tana wucewa da wani abu ban da kiran karenka."

Tasi'u ya sunkuyar da kai. "Yaya, wallahi ba da gayya ba ne. Kuɓuce min ya yi. Wurin Maikano zan kai shi, in ba shi kyauta ya tafi da shi Darki."

"Ka ba wa Maikano wa?"

"Karen. Na gaji da kiran sunan nan, Yaya. Na yi na yi in sauya masa, ya ƙi. Na ce in ba shi a gidan, bakina zai huta, in samu fuskar shigowa in gaishe ka."

Ɗantani ya ɗauki tsinke ya tona garwashi, ya daɗe yana tonawa fiye da yadda garwashin yake buƙata. Da ya ɗago kuwa sai ga tsohon kaifin bakin ya dawo.

"Da izinin wa za ka bayar da shi?"

"Ai... ai nawa ne, Yaya."

"Naka? Ƙanzon Hansai ne ya yi masa wannan wuyan? Kuma wa ya ce maka ba ya amsa wani suna? Matsa ka gani."

Ya juya wajen buhunan, ya sassauta murya, irin muryar nan ƙasa-ƙasa da Tasi'u ya saba ji a bakin rariya.

"Zo-ka-ɗauka."

Kare ya saki gurasa ya miƙe zumbur, ya taho yana kaɗa bindi har da gindinsa, ya tsaya ɗan nesa da albasa kamar wanda aka koya wa ladabi. Ɗantani ya ciro wani gutsuren daga aljihun kwat ya jefa masa.

Tasi'u ya dubi karen, ya dubi yayansa.

"Tun ranar da haƙorin nan ya sake ni na fito da injin na ajiye a zaure," in ji Ɗantani, idonsa a kan garwashi. "Ina jiran ka shigo, sai na ji ka da kare. To ni ne babba, ba zan ɗauko inji a ka in bi ka da shi kana yi min shela ba. Kullum in ka faɗi taka, sai in je bakin rariya in faɗi tawa." Ya yi tari, ya goge baki da gefen rawani. "Duk gidanku shi kaɗai ne yake zuwa."

Maƙwabcinsa mai albasa, wanda ya kasa kunne tun farko, ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Tasi'u ma ya so ya yi dariyar, sai ya ji idanunsa sun cika. Ya sa bakin mayafi ya share, ya ce iskar nan ba ta da kirki. Ɗantani ya ce ƙwarai kuwa, shi ma tun safe take damun nasa idon. Ya sa ƙafa ya turo kaskon garwashin gaban ƙaninsa, ya matsa ya ba shi gefen benci.

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, hannuwa huɗu a kan kasko ɗaya. Can Tasi'u ya ce, "Yaya, injin yana nan?"

"Yana inda na ajiye maka shi. Kajin Fatsuma sun yi zuriya a bayansa."

"Zan zo in ɗauka."

"Ka taho da makaniki. Rabonsa da tashi tun kana da kunya."

Ranar Maikano ya gaji da jira ya koma Darki hannu rabbana. A kasuwa kuwa har aka tashi ana ba da labarin gawurtaccen ɓarawon nan mai suna Kare, wanda ya ratsa tun daga Kara har 'yan albasa bai samu ko allura ba saboda jama'a sun farga. Da yamma aka hura wuta ɗaya a tsakanin ƙofofin biyu. Hansai da Fatsuma suka leƙo ta zaure, suka dubi juna, kowacce ta koma ciki tana rufe baki da gyale.

Washegari iska ta ɗan lafa, amma sanyi yana nan daram. Hansai ta dama kunun tsamiya ta soya ƙosai, ta shimfiɗa tabarma a inda rana take fara sauka. Tasi'u ya fito da shirin lambu, ya duba bai ga kare ba. Ya tsaya a tsakar gida inda ya saba tsayawa, ya fuskanci katangar gabas, ya gyara murya. Hansai ta tsayar da ludayi tana kallonsa.

"Zo-ka-ɗauka!" ya ƙwala.

Sai tari daga wancan gefen, sannan muryar Ɗantani, da ƙarfinta wannan karon.

"Me zan ɗauka?"

Tasi'u ya dubi matarsa, ya dubi kwanon da ke tururi a kan tabarma.

"Kunun Hansai ne, Yaya. Da zafinsa."

Karen ne ya fara isowa, ta rariya, yana kakkaɓe jiki. Ɗantani kuwa ta ƙofa ya zagayo. Suka ji takunsa a zaure, suka ji ya yi sallama, Hansai ta tashi da sauri ta ɗauko ludayi na biyu.